Takwaran da Kaka Ya Samu a Cikin Taɓo

Ranar da muka dawo daga kai Kaka makwancinsa, ƙofar gidanmu ta koma kamar kasuwar kifi, ciniki ne kawai babu. Tabarmi har bakin kwata. Masunta sun zo da ƙarnin ruwa a jikinsu, 'yan tumatir sun zo hannuwa kore shar. Wani tsoho ya taso takanas daga Kafin Hausa, ya zauna yana ta sharar hawaye, da aka tambaye shi yadda suke da mamacin sai ya ce shi dai ya taɓa kwana a zaurensa wata shekara da ruwa ya ci garinsu, kuma sai da ya ƙoshi tukuna aka tambaye shi daga ina yake. Mai shayin bakin layinmu kuwa cewa ya yi yanzu wa zai riƙa zagin shayinsa yana shanyewa har da ɗaga kofi.

A cikin gida ne aka yi maganar da ta tsaya min a rai. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ba da mugun nufi ba, ta kalli ragon da ke ɗaure a gindin darbejiya ta ce, "Allah sarki, ya tafi bai ga takwara ba."

Tsakar gida ta yi tsit. Anti, matar Baffana, ta miƙe ta shige ɗaki. Babana yana bakin ƙofa da buta a hannu, ya ji sarai, ya juya ya koma waje bai ɗebi ruwan ba.

Ni ne jikan Kaka namiji ɗaya tilo, sauran duk mata ne. Makaranta na yi ta har inda ta gaji da ni, yanzu cajin waya nake a bakin tasha. Saboda haka wanda ke neman rubutun malamai ya yi haƙuri, yadda nake magana haka zan zuba. Ina so ne kawai kar labarin tsohon nan ya bi ruwa.

Kaka ya shigo Haɗejia yana yaro, a bayan fataken banda daga can gefen Tafkin Chadi. Ba uwa, ba uba, ba wanda zai ce ga ɗan'uwansa. Abin da ya zo da shi kaf a duniya sunansa ne, wani tsohon sunan Barebari mai nauyi a baki, irin wanda ba a ƙara sa wa yara. Ba zan rubuta shi a nan ba, a gidanmu ba a yawo da shi. Ya yi su, ya yi dako, ya samu fadama, ya auri Iya, ya gina gidan da muke ciki. In ransa ya ɓaci Barbarci yake komawa, mu dai sai mu gane daga ƙarar cewa ba addu'a ba ce.

An ce ranar sunana kowa ya gama sakankancewa sunan Kaka zan ci. Shi kansa ya sha sabuwar riga, ya kawo ragon da ya kiwata da hannunsa. Sai Babana ya matsa kusa da liman ya raɗa masa sunan malaminsa na allo. Da aka sanar, Kaka ya shafa fatiha tare da kowa, ya miƙe ya cire rigar, ya saɓa fartanya ya yi fadama. Bai taɓa yi wa Baba maganar ba. Ni ne na biya. Tun ban san kaina ba har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da sunana ba, sai Mai Sunan Wani. Ni kuma ina ce masa Tsohon Iya, ina ce masa duk ranar da ya gaji da ita ya sakar min, na fi shi haƙora. Ya ce in fara samun katifa tukuna.

Daga shekarar ya tsiri wata ɗabi'a. Da an gama babbar salla sai ya je kasuwar Malam Madori ya sayo ɗan rago, ya ɗaure a gindin darbejiya, ya riƙa ba shi harawa da dusa yana masa hira. Ragon suna yake ce masa. In aka haifi mace a gidan, ya yi murna, ya sayo wani ragon daban a yanka mata, amma wancan yana nan yana jiran takwara. In layya ta zagayo ba labari, a yanka shi, a sayo sabo. Mun ci ragunan suna da yawa a gidan nan ba tare da an yi sunan ba.

Idon kowa kuma a kan Anti yake. Babana ya rufe da ni da ƙannena mata, saura Baffa ƙaninsa, su kuwa Allah bai kawo haihuwa ba har yanzu. Anti tana karatun babban digiri a jami'a, a fannin ƙwayoyin da ido ba ya gani. Wata rana wata baƙuwa daga dangin Iya ta zo, ta ci ta ƙoshi, ta fara cewa a tsakar gida ai boko ne ya busar da yarinyar nan. Kaka yana zaure yana gyaran komar kamun kifi. Bai ɗaga murya ba. Ya shigo ya ɗauki takalman baƙuwar, ya kai su ƙofar gida ya jera, ya dawo ya ce mata ya ji ana kiran fasinjan garinsu, kar mota ta cika. Daga ranar ba wanda ya ƙara yi wa Anti gorin haihuwa a inda kunnensa zai kai. Likita yake kiranta, ko da yake ta sha aika masa cewa ita ko allura ba ta iya ba.

Aikin nata, yadda na fahimta bayan ta maimaita min har ta gaji, shi ne: a cikin ƙasa akwai ƙwayoyin bakteriya, wasunsu su ne ke shiga tumatir ka ga ya yi yaushi ya kwanta da ganyensa kore. To akwai wasu ƙwayoyin da suka fi su ƙanƙanta, bairas, waɗanda ba ruwansu da mutum, ba ruwansu da shuka, bakteriyar nan ce tuwonsu. Na ce wato ɗan daba mai cin ɗan daba. Ta ce in hakan zai sa in riƙe, to. Ita nemo su take a ƙasar fadama, ta ware su, a karanta rubutun halittar da ke cikinsu, a gane kowanne daga wane dangi ya fito.

Sai ta aiki Baffa ya roƙar mata ƙasa daga fadamar Kaka, tunda suruka ba ta tsaya gaban surukinta ta yi ta bayani. Kaka ya ji daɗi ba kaɗan ba. Ya je ya ɗebo. Amma da ya duba abin da ya ɗebo, baƙin taɓo mai warin kashin shanu, sai kunya ta kama shi. Ya ce shi ba zai aika wa surukarsa ƙazanta ta shiga da ita cikin manyan mutane ba. Ya shanya ta a kan kwano rana ta gasa ta ƙarau, ya sa aka daka, aka tankaɗe da rariya. Bai tsaya nan ba, ya sa Iya ta ɗan juya ta a kasko a kan wuta, wai kar kiyashi su bi yarinya ofis. Ya zuba a sabuwar langa mai murfi. Wallahi in ka gani sai ka ce garin kunu ne.

Anti ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Ta san an kashe duk wani abu mai motsi a ciki, amma ina bakin faɗa? Baffa ma ya yi gum. Bayan kwana biyu Kaka ya tambaya ko ƙasar ta yi, aka ce masa ana dai dubawa, sai ya ɗauka kaɗan ta yi, ya sake soya wata langar.

Ni ne na ga abin zai ƙarar wa Iya da itace. Na same shi a zaure na ce, "Tsohon Iya, abin da Likita ke nema fa shi kake soya mata. Da rai take son su."

Ya kalle ni. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, yana dukan tabarma. Da ya huce kuma ya kira Baffa ya wanke shi da Barbarci, wai wane irin ɗa ne zai ga ubansa yana tafka wauta ya tsaya yana kallo.

Washegari da hantsi shi da kansa ya kai ta fadama. Yana gaba da sandarsa, tana can baya da kula mai ƙanƙara, ni ina tsakiya kamar sandar wayar lantarki. Suna jin juna raɗau, amma ta kaina maganar ke bi. Ya ce in gaya wa Likita ga inda tumatirinsa ya fi kyau. Ta ce in gaya wa Baba, wato Kaka, ta gode, amma can bakin ciyawar kacala take so, inda ruwan inji ke taruwa. Ya ce in tambaye ta ko ta san nan yake wanke ƙafa. Ta ce in ce masa ai shi ya sa. Ta tsuguna ta ɗebi taɓon a wasu 'yan kwalabe ta jera a kan ƙanƙara. Kaka ya girgiza kai ya ce duniya ta zo ƙarshe, taɓo na shan ƙanƙara shi yana shan ruwan randa.

An jima ana abu ɗaya, ta ɗiba a nan, ta ɗiba a can, wani ya ba da wani abu, wani shiru. Wata rana ta dawo da hoto a waya ta ba ni in kai masa. Wani ɗan faranti ne na gilas, an shimfiɗa bakteriya a kai kamar kafaffen koko, sai ga wasu ɗigo-ɗigo fes a jiki. Daga taɓon wurin wanke ƙafar nan ne. Kaka ya kai wayar kusa da ido, ya nisanta, ya tambaya ina abin yake. Na ce an ce ba a ganinsa, sai dai a ga wurin da ya cinye. Ya miƙo min wayar ya ce ashe ɗan'uwana ne, ni ma ba a ganina a gona sai dai a ga kwano wayam.

Aka tura abin wani wuri mai nisa inda ke da injin karanta rubutun halittar. Kullum Anti ta dawo daga makaranta sai ya ce in tambayi Likita ko an sauka lafiya. A cikin jiran nan ne ƙafafunsa suka fara kumbura. Ya daina zuwa fadama, daga baya zauren ma ya gagara, aka mayar da shi ɗakin Iya. Ragon dai yana nan, ta taga yake leƙa shi yana min faɗa in na yi ƙwauron dusa.

Ranar da sakamako ya zo, da rana tsaka ne. Anti ta durƙusa a bakin ƙofa, Baffa na tsaye, ni ina kusa da gadon. Ta yi bayani a hankali, ni ina ƙara masa da ƙarfi. Ta ce an gwada rubutun nasa da na duk irinsu da masana suka taɓa samu suka adana a kwamfuta. Yawancinsu in an duba sai a ga gidansu, wannan dangin kaza ne, wancan dangin kaza. Shi wannan bai faɗa gidan kowa ba. Akwai masu ɗan kama da shi can nesa-nesa, amma ba wanda za a ce ga ɗan'uwansa.

Kaka ya ɗaga min hannu in yi shiru. Tunda aka kawo Anti gidan nan ban taɓa ganin ya yi mata magana kai tsaye ba sai ranar.

"Ba shi da kowa?"

"Ba a dai gano ba tukuna, Baba."

"Ruwa ne ya kawo shi," in ji shi. Ya ɗan nisa. "Wa ke raɗa wa irinsu suna?"

"Wanda ya samo shi, Baba."

Ya juya fuskarsa bango. Can sai ya ce, "Ragona dai yana nan."

Bai roƙa ba. Kaka bai iya roƙo ba. Amma ba wanda bai gane ba a ɗakin.

Bayan la'asar Baffa ya kai wa Babana maganar sa wa ƙwayar sunan Kaka, shi ne babba. Baba ya ce a'a tun kafin a dire. Ya ce tun zamanin korona duk wanda ya ji an ce bairas cuta yake gani, ba wanda zai tsaya jin wai wannan mai kirki ne. Shi ba zai zauna gari ya ɗauka cewa 'ya'yan wane sun rasa abin da za su liƙa wa sunan ubansu sai ƙwayar cuta ta cikin taɓo ba. Ni a lokacin haushinsa na ji, na ce a raina mutumin nan sau biyu ke nan. Sai daga baya Iya ta ba ni labarin yadda Baba yana ɗan firamare yake dawowa da yagaggiyar riga da fasasshen leɓe, saboda yara sun mayar da sunan ubansa waƙa, suna bin sa da ita har gida. Bai taɓa gaya wa Kaka dalilin dambe ba. Tun daga nan ya naɗe sunan ya ɓoye inda bakin kowa ba zai kai ba. Ashe ba ƙin sa yake ba, tsoron a taɓa shi yake.

Gidanmu ba shi da sirri, katangar ɗaki ba ta kai rufi ba. Kaka ya ji komai. Sai kawai ya ce min in ci gaba da ba rago abinci. Bai daɗe ba bayan nan, wata safiya Iya na dama masa koko, ya cika.

To kun ji dalilin da maganar tsohuwar nan ta sa tsakar gida yin tsit.

Bayan an share makoki lokaci ya fara ƙure wa Anti. Dole ta shigar da suna kafin ranar da za ta kare aikinta a gaban malamai, kuma in an shigar an shigar ke nan. Ta ce wa Baffa ba za ta raba gida a kan ƙwaya ba, za ta ba shi haruffa da lamba kawai, a wuce wurin.

Iya na cikin takaba, ba ta fita ko zaure. Ta aike ni in kira mata Baba. Ya zo ya durƙusa. Na yi kamar zan fita, ta ce in zauna, ai ni ne dalili. Ta ce masa ita tunda aka kawo ta gidan nan sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, miji ne. Matan 'ya'yansa ba su isa su faɗa ba. Jikoki mata za su yi aure su tafi. Wannan ja'irin, ta nuna ni, shi kaɗai ke faɗa, shi ma sai in tsiya yake ji.

"Kai ka ɓoye shi don kar a zage shi," ta ce. "To ga shi ba a zaga ba, ba a kuma kira ba. Mutumin nan da shi kaɗai ya zo. In na bi shi, a bakin wa za a ji?"

Baba ya miƙe ya fita. Washegari ya tare Baffa a zaure ya tambaye shi wace rana ce za a yi abin nan na makaranta, kuma ana barin mutanen gida su shiga? Baffa ya shigo ciki da sauri har yana tuntuɓe da turmi.

Sai kuma wata sabuwa. Sunan ya shiga, amma ranar karewa Anti ce za ta tsaya ta yi magana a kansa. A mota ta ce ba komai, aiki ne, za ta runtse ido ta faɗa. Na ce mu gani.

Aka zaunar da mu a kujerun baya, ni da Baffa da Baba da babbar rigarsa ta Juma'a. Aka haska bango, ga sunan Kaka ɓaro-ɓaro da manyan haruffa, a ƙasansa wani zagayayyen zane mai kala-kala kamar faifai, wai shi ne rubutun halittar. Anti ta riƙa zuba Turanci kamar an kunna inji, ni dai taɓo da tumatir kawai na tsinta. Amma na lura da abu ɗaya: duk sanda ta iso kan sunan sai ta kewaye, ta nuna bango da sanda ta wuce.

Wani matashi cikin malaman shi ma ya lura. Da aka zo tambayoyi ya ce aiki ya yi kyau, amma tunda aka fara bai ji ta kira abin da ta gano da sunansa ba, yana so ya ji yadda ake furta shi. Anti ta buɗe baki. Ta rufe. Ta kalli ƙasa. Sai ta ce da Hausa, a hankali, "Mai sunan Baba ne."

Na ji kujera ta motsa a gefena. Babana ne ya miƙe. Ya gyara rigarsa, ya faɗi sunan, cikakke, da nauyinsa na Barbarci yadda mai shi yake faɗa, ba gaggawa. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinsa ba. Ya ƙara da cewa mahaifinsa ne, kuma wannan surukar mai sunan ce, a yi mata uzuri.

Babban malamin da ke tsakiya, wani dattijo mai furfura, ya cire tabarau ya ajiye. Ya kalli bangon, ya kalli Baba, ya ce, "To, Allah ya raya."

"Amin," in ji Baba.

Da muka dawo ya sa aka yanka ragon. Ya yi ta nanata wa mutane cewa sadaka ce ga mamaci, kar wani ya je ya ce wani abu. Ba wanda ya musa masa. Amma ina kallo Iya ta ware cinya da hanta da duk inda ya fi maiƙo, irin rabon da ake kai wa mai jego, ta rufe a langar nan da aka taɓa zuba soyayyiyar ƙasa, ta ce in kai ɗakin Anti. Na kai, na ajiye, na fito da sauri, don ba na son ganin babba na kuka.

Takwaran yana can a firjin makaranta cikin sanyi. Anti ta ce kar in je ina cika baki a tasha, bai zama maganin tumatir ba tukuna, da sauran aiki mai yawa, kuma wata rana ana iya gano danginsa a wani kogin. Ni dai na san ko ba a gano ba yana da gida.

Tsohon Iya, Allah ya sa ƙasar da ka kwanta a ciki ta fi ta fadamarka sanyi, ya yafe maka har zagin Barbarcin, ya haɗa ka da iyayen da ba ka samu ka sani ba. Iya tana nan, ban taɓa maka ita ba, katifar ce har yau ban saya ba.

Gindin darbejiya yanzu ba rago. Baba ne ke shimfiɗa tabarma a wurin da yamma. In Anti ta dawo daga makaranta ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, sai ya amsa, sannan ya juyo wajena.

"Kai, Mai Sunan Wani. Tambaye ta ya mai sunan Baba."